“Tashi In Taimake Ka” Ba Aya Ba Ce



Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa za mu faɗe ta ko da za ta ɓata wa waɗansu rai. A wani taron addu'a da aka shirya domin malaman makaranta gab da komawa sabon zangon karatu, mai wa'azi ya kira malamai suka tsaya a gaban jama'a, ya ɗaga Littafi Mai Tsarki sama ya ce, “Allah ya ce tashi in taimake ka!” Jama'a suka amsa da Amin mai ƙarfi. Ya ci gaba da cewa duk malamin da ɗalibansa suka faɗi jarrabawa ya binciki kansa, duk malamin makarantar Lahadi da yaro ya kuɓuce masa ya sani za a nemi jinin yaron a hannunsa, kowa ya ƙara ƙoƙari, ya rage barci. Ba za mu ambaci sunansa ba, gama ba shi kaɗai ba ne. Abin da ya faɗa a kan bagade shi ne da yawanmu muke faɗa a zaure. Malaman nan sun zo a yi musu addu'a, suka koma gida da kayan da ya fi wanda suka zo da shi nauyi.

Mun koma mun duba tun daga Farawa har zuwa Wahayi. Wannan magana ba ta ciki. Zancen gari ne, yana kuma da ranarsa idan za a tashi raggo daga kan tabarma. Amma sa'ad da aka ɗaga Littafi sama aka faɗe ta kamar daga bakin Allah ta fito, an juya bishara an kifa ta. Ma'anarta ita ce mutum ne yake farawa, Allah kuma ya zo daga baya ya cika abin da ya rage. Bulus kuwa ya koya wa Romawa cewa tun muna marasa ƙarfi Almasihu ya mutu dominmu (Romawa 5:6). Li'azaru bai fara motsi a cikin kabari ba kafin a kira shi. Idan cetonmu ba a kan wannan ƙa'ida ya zo ba, don me za mu sa hidimar malami a kanta?

Bari mu tuna wa juna ko wane ne wannan malami da muke ce wa ya ƙara ƙoƙari. Sau da yawa shi kaɗai ne Kirista a cikin dukan ma'aikatan makarantarsa. Yana kwana a Kazaure, da asuba ya hau babur zuwa wani ƙauye a ƙasar Gwiwa ko bayan duwatsun Roni, tun kuwa da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai kaɗai yana cinye babban rabo na albashinsa. Da safe yana gaban allo da alli, aji cike da yara har waɗansu a ƙasa. Da yamma yana koya wa 'ya'yanmu lissafi da Turanci a farfajiyar majami'a, yawanci kyauta. Ran Asabar shi ne mai koyar da darasin addinin Kirista, domin a makarantun gwamnati da yawa da 'ya'yanmu suke zuwa babu mai koyar da shi. Ran Lahadi shi ne malamin makarantar Lahadi, shi ne sakataren ikkilisiya, shi ne mai ƙirga baiko, in baƙo ya zo da Turanci shi ne tafinta. Idan malama ce, sai a ƙara mata da sakatariyar Zumuntar Mata da koyar da waƙa, ga tukunya tana jiranta a gida, ga goyo. Duk takardar da za a cika, duk wasiƙar da za a rubuta wa hukuma, sai a ce a kai wa malam. To, ina sauran lokacin da zai ƙara ƙoƙarin a ciki?

Akwai kuma kayan da ba a gani da ido. Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta da watan Nuwamba na 2003 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u a cikin garin Kazaure, zargin da ya hura wutar kuwa daga makaranta ya fito. Ba su manta da Malama Christianah Oluwasesin ba, wadda aka kashe a Gombe a watan Maris na 2007 tana cikin aikin tsaron jarrabawa. Ba mun kawo wannan don tada tsohon miki ba ne. Dole mu faɗi gaskiya, yawancin malamanmu suna zaune lafiya da abokan aikinsu Musulmi, suna cin abinci tare, suna zuwa wa juna suna da gaisuwar rasuwa, akwai kuma shugabannin makarantu da suka tsaya wa malamanmu tsayin daka a lokacin da ƙaramar magana ta so ta zama babba. Duk da haka malami Kirista a nan yana auna kowace kalma kafin ta fita daga bakinsa, yana auna yadda zai tsawata wa yaro, yana auna littafin da zai taɓa a kan tebur. Mutumin da yake rayuwa haka shekara da shekaru ba bulala yake bukata daga ikkilisiyarsa ba.

Amma babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ba gajiyar malami ba ce kaɗai. Koyarwar nan tana haifar da zunubi, mun kuma ga 'ya'yanta da idonmu.

Da me muke auna malami? Da sakamako. Idan WAEC da NECO suka fito, sai a fara ƙidaya: yara nawa suka sami kiredit biyar da Turanci da lissafi, nawa suka haye JAMB, nawa za su shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ko Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Burin ba laifi ba ne. Mu 'yan kaɗan ne, ba mu da kowa a sama, takarda ce gonar da za mu bar wa 'ya'yanmu. Amma idan aka koya wa malami cewa sakamako a hannunsa yake, kuma Allah yana jiran ya gama nasa ne kafin ya sa hannu, me zai yi ranar da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya ga yaron ba zai ci ba? Inda ƙarfin mutum ya ƙare, nan dabara take farawa. Sai a rubuta amsa a allo. Sai a kau da kai a bar takarda ta zaga. Sai a tara kuɗi a kai yaro wata cibiya da kowa ya san abin da ake yi a cikinta, a dawo ran Lahadi a ba da shaidar godiya, jama'a su tafa.

Iyayenmu dattawa, ku gafarce mu, amma wa yake zuwa gidan malam bayan magariba a lokacin jarrabawa? Ba baƙi ba ne. Mu ne. Mukan zauna a yi gaisuwa mai tsawo, sa'an nan mu rage murya mu ce, “Malam, ka san halin da muke ciki a ƙasar nan, ka taimaki ɗanka.” Idan ya ƙi, sai a ce ba shi da zumunci, a ce waɗansu suna taimakon nasu shi ya tsaya tsarki. Mun san malamar da ta ƙi irin wannan roƙo, aka yi wata da watanni matan ikkilisiyarta suna amsa gaisuwarta da ƙyar. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na malamai.

Wannan ba sabon abu ba ne. Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin ɗa, shekaru suka wuce, Saratu ta ga abin ya daɗe, ta kawo shawarar a taimaki Allah ta hanyar Hajaratu (Farawa 16). Sun tashi kam. Abin da tashin ya jawo wa gidan kuwa kowa ya karanta. Satar amsa ita ce Hajaratun malamin da ya gaji da jira. Yaron da aka haye da shi ta haka yana riƙe da takarda, kansa babu kome, ya kuma koyi darasi ɗaya da ba zai manta ba, wato Kiristoci ma in ta matse su sukan ajiye Allah a gefe.

Ma'auni na biyu ya fi na farko zafi. Yarinyar da ta tashi a makarantar Lahadi ta girma ta bi wani aure ta bar bangaskiya. Saurayi ya tafi Kano neman kuɗi, ya daina zuwa sujada, daga baya aka ji ya canja suna. A ƙaramar ikkilisiya irin namu, inda ana iya ƙirga masu sujada da yatsu, rashin mutum ɗaya kamar rasuwa ne. Cikin wannan baƙin ciki sai a nemi wanda za a ɗora wa, a ce ai malaminsu bai kafa su da kyau ba. Mun ga dattijuwar da ta koyar da yara shekaru masu yawa ta ajiye aikin tana kuka, tana cewa ita ce ta kāsa. Wa ya gaya mata ita ce mai riƙe da zuciyar mutum? Ubangijinmu da kansa ya koyar da sha biyu shekara uku, dare da rana, ɗaya ya bashe shi. Wane dattijo ne zai tashi ya ce Malamin ne bai yi ƙoƙari ba?

Ikkilisiyar Koranti ta yi irin wannan gardama a kan malamanta, waɗansu na Bulus, waɗansu na Afolos. Amsar da Bulus ya ba su amsar manomi ce: ɗaya ya dasa, ɗaya ya yi banruwa, amma sa tsiro ya girma aikin Allah ne shi kaɗai (1 Korantiyawa 3:6-7). Mu da muke noman gero a wannan jigawa bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Wane ne a cikinmu bai san binne ba? Kafin ruwan fari ya sauka, rana tana dukan ƙasa, manomi a Babura ko Gwiwa yakan ɗauki irin da ya hana 'ya'yansa ci tun kaka, ya sare busasshiyar ƙasa ya zuba ya rufe. Aiki ne na gaske, da gumi da ciwon baya. Amma bayan ya rufe ramin ƙarshe, me ya rage masa? Ba ya iya kiran hadari. Ba ya komawa kowace safiya ya tone ya ga ko ya tsira, in ya yi haka ma kashe irin zai yi. Wata shekara ruwa ya zo a kan kari, wata shekara ya yi yayyafi ya ɗauke irin ya ruɓe a sake shuka, ba kuwa wanda yake tara jama'a ya tsai da manomin ya ce ya binciki kansa. Yesu ya ba da misalin irin wannan mutum, wanda ya watsa iri, yana kwana yana tashi, irin yana tsira yana girma shi kuwa bai san ta yaya ba (Markus 4:26-29). Ku lura, a cikin misalin manomin yana barci, ba a kuwa zarge shi ba.

Aikin malami binne ne. Yawancin abin da ya zuba ba zai ga tsirarsa ba a zangon nan, wani ma ba zai gani ba har ya koma ga Ubangiji.

Tarihinmu ma shaida ne. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka sami kafa tasha ta farko a Patigi. Da a ce mai wa'azinmu na nan a lokacin, da me zai ce wa Gowans da Kent? Su ƙara ƙoƙari? Sun ba da ransu, ba su ga ko mutum ɗaya da za su ƙirga ba. Bingham kansa ya rasu a 1942, shekara 12 kafin a kafa ECWA a 1954. A nan gida kuma, mishan ɗin SIM ta zauna a Roni ta riƙe makarantar kwana ta yara maza, da yawansu kuwa daga wuraren jinyar masu kuturta aka kawo su, irin na Yadakunya kusa da Kano. Yara ne da duniya ba ta sa su a lissafi ba. Wanda ya tsaya a gabansu yana koya musu a, ba, ca, ba shi da wata alama cewa daga cikinsu za a sami malamai da masu bishara da ma'aikatan asibiti. Ya zuba ne ya rufe. Waɗansunmu da muke karanta wannan takarda da Hausar boko, daga wannan binne muka tsiro.

A wancan zamani malami ɗan gidan mishan ne, ikkilisiya ta san cinsa da shansa. Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, aka kuma buɗe shirin UPE a 1976, malami ya zama ma'aikacin gwamnati. Tun daga nan muka sauke nauyinsa daga kanmu, amma ba mu sauke namu daga kansa ba.

Mun san abin da waɗansu za su ce, suna kuma da hujja. Za su ce wannan magana za ta zama matashin kai ga raggaye. Akwai malamin da yake sa hannu a rajista ya zame ya tafi kasuwa ko acaɓa. Akwai wanda yake shiga aji bai shirya darasi ba, wanda littattafan yara suke kwana a jakarsa mako uku ba a duba ba, in an yi magana ya ce Allah ne mai yi. Ba mu tsaya wa wannan ba ko kaɗan. Wanda yake karɓar albashi a kan yaran da bai koyar ba ɓarawo ne, ko yaran na Kirista ne ko na Musulmi, sunan Almasihu kuma yake ɓatawa a garin da ake kallonsa a matsayin Kirista ɗaya tilo da aka sani. Manomin da bai fita binne ba kada ya ce yana jiran Allah. Bulus da ya ce mai shuka ba kome ba ne, shi ne kuma ya ce ya fi sauran manzanni shan wahalar aiki, nan take kuwa ya mai da yabon ga alherin Allah da yake tare da shi (1 Korantiyawa 15:10). Ba a kan yawan aiki muke gardama ba. Muna gardama ne a kan inda aka jingina. Mutum biyu za su iya shiga aji ɗaya da ƙarfe takwas, su yi gumi iri ɗaya, ɗaya yana yi domin an ba shi amana, ɗaya yana yi domin yana tsammani in ya saki duniya za ta rushe. Ba a gane bambancinsu sai ranar jarrabawa, sa'ad da dattijo ya zo bayan magariba. Na farkon yana iya cewa, “Baba, ka yi haƙuri, na koya masa iyakar abin da na sani, sauran yana hannun Allah, in ya faɗi zan sake zama da shi baɗi.” Na biyun ba ya iyawa. Hausawa da kansu sun ce zafin nema ba ya kawo samu.

Ku kuma malamanmu, 'yan'uwa ƙaunatattu, akwai taku a ciki. Wani lokaci ba mu muke ɗora muku ba, ku ne kuke ƙin saukewa. Akwai daɗi a ji ana cewa in ba malam ba abin ba zai yiwu ba. Wannan daɗin girmankai ne da ya sa rigar hidima. Iliya ya kai inda ya ce shi kaɗai ya rage, ya kwanta a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai ce masa ya ƙara ƙoƙari ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci har sau biyu, daga baya ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da bai san da su ba, ya kuma aike shi ya shafe wanda zai gāje shi (1 Sarakuna 19). Idan ka kai inda ba ka iya addu'a sai lissafin abin da ba ka gama ba, idan kana yi wa matarka da 'ya'yanka tsawa saboda gajiyar 'ya'yan waɗansu, idan Littafinka ba ka buɗe shi sai don shirya abin da za ka koya wa wani, to, ka je wurin fastonka ka ce a rage maka. Ba ja da baya ba ne. Yaron da ya faɗi bana ba hukunci ba ne a kanka, wadda ta tafi kuma ba ta fi ƙarfin Makiyayin da ya san inda take ba. Ka ci gaba da ambaton sunanta a gabansa, in kun haɗu a kasuwar Kazaure ka gaishe ta da fara'a.

Sauran magana taku ce, dattawa. Sa'ad da Yetro ya ga Musa yana zaune shi kaɗai tun safe har yamma jama'a suna kewaye da shi, bai yaba masa ba, ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gaji ya gajiyar da mutane, ya raba aikin (Fitowa 18). Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙo a zaman majalisar dattawa mai zuwa, kowace ikkilisiya ta rubuta ayyukan da ta ɗora wa kowane malami, a karanta da ƙarfi kowa ya ji, a sauke aƙalla ɗaya a ba wani, ko da wanda za a ba bai kai malam iya rubutu ba, zai koya. Wanda yake koyar da 'ya'yanmu da yamma da ran Asabar, a fitar masa da kuɗin mai daga baiko, kada a jira ya roƙa, gama ba zai roƙa ba. A sanar daga bagade, da bakin fasto, cewa duk mai bi da ya je wa malami da roƙon a taimaki ɗansa a ɗakin jarrabawa, maganarsa za ta zo gaban dattawa, ko da shi kansa dattijo ne. Idan kuma aka sake kiran malamai gaba domin addu'a, a ba su kujera su zauna, a tambayi kowannensu sunan makarantarsa da abin da yake damunsa, sa'an nan dattawa su tashi su yi addu'ar.